Ga-ruwa Tsakanin Tudu da Gangare

Shekara huɗu na yi a hanya kafin idona ya ga Makka. A Abashe na yi rani guda ina kwaɓa wa magina ƙasa. A ƙasar Sudan na yi kaka biyu ina tsinkar auduga kusa da Madani, har yatsuna suka tsattsage, na daina jin zafin ƙaya. Duk inda na tsaya sai in tarar da Hausawan da suka ce su ma da wucewa za su yi, ga su da jikoki. Wannan ne ya riƙa ba ni tsoro, shi ya sa ban taɓa yarda na kafa bukka mai ƙarfi ba.

A Sawakin, bakin teku, wani mutum mai farin rawani da daɗin baki ya tara mu, mu wajen talatin, ya ce yana da jirgin ruwa da zai kai mu Jidda kai tsaye. Jirgin na katako ne mai filafilai. Muka yi kwana uku a kan ruwa, amai ya galabaitar da kowa. A rana ta huɗu ya sauke mu a wata gaɓa da babu ko bukka, ya nuna wani tudun rairayi ya ce Jidda tana bayansa. Kafin na farkonmu ya kai kan tudun, jirgin ya yi nisa. Bayan tudun kuwa wani tudun ne.

Kwana tara muka yi muna bin gaɓar teku da ƙafa. Mutum biyu muka binne a hanya, wani tsoho Bazazzagi da wata mata da ban ma san sunanta ba. A kwana na shida, lokacin da harshena ya kumbura, muka ci karo da wata Balarabiya makiyayiya da awakinta. Ba ta jin harshenmu, ba ma jin nata. Ta duba mu, ta durƙusa ta tatse awakin nan ɗaya bayan ɗaya, tana miƙo mana akushi muna zagayawa da shi. Na ciro 'yar wuƙata zan ba ta, ta ture hannuna, ta nuna mana arewa da sandarta. Har yau idan na sha nonon akuya sai na yi mata addu'a.

Ranar da na shiga Harami na ga Ka'aba, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Amma ciki bai san an iso ba. Da na gama ɗawafi da safa da marwa, na shiga tambayar inda Takari suke zaune, don haka ake kiranmu a can. Aka nuna mini wani dutse a gefen gari. Gidaje ne na garwar kananzir da aka fasa aka baje, da buhuna da itace, sun hau jikin dutsen tun daga ƙasa har kusa da ƙololuwa.

A daidai tsakiyar hawan, inda hanya ta yi kwana, wata dattijuwa tana toya waina. Sunanta Hajiya Gambo. Na yi mata sallama da Hausa, ta amsa ba tare da ta ɗago ba, sannan ta tambaye ni, na Tudu ne ko na Gangare. Na ce ni daga ƙasar Gumel nake.

"To baƙo ne kai," in ji ta. "Zauna, ɗana, ka ci tukuna. Wannan tambayar za ta jira ka."

Ta zuba mini waina, ta shiga ciki ta fito da wani ɗan kwano. Miyar kuka ce da daddawa. Rabona da ƙamshin nan tun Abashe. Ta ce wani alhaji ya kawo mata kukar bara, tana taɓa ta ne kawai idan baƙo ya zo da ƙurar hanya a ƙafarsa. Ina ci tana ba ni labarin dutsen.

Da can jama'a ɗaya ce. Mutum biyu suka kafa wurin, Baba Tanko da Malam Sale, 'yan gari ɗaya, tare suka tako daga ƙasar Katsina. Matar Baba Tanko ta rasu a hanya, Malam Sale ne ya haƙa mata kabari da hannunsa. Da jama'a ta yi yawa, Baba Tanko ya zama shi ne mai magana. Shi ke raba fili, shi ke raba aikin dako a Mina lokacin Hajji, shi ke yanke shari'a. Wata shekara wani magidanci ya tsaya a gaban mutane ya ce rabon aikin bai yi daidai ba. Baba Tanko ya sa aka kama shi aka yi masa bulala a gaban iyalinsa. Washegari Malam Sale ya kwance gidansa ya sauka ƙasan dutsen, kusan rabin mutane suka bi shi. Tun daga ranar, shekara ashirin da wani abu, masallaci biyu, makara biyu, liman biyu.

A Tudu abin da Baba ya faɗa shi ke nan. A Gangare kuwa duk shekara bayan Hajji sai magidanta su taru a ƙofar masallaci, a ajiye ƙorai, kowace ƙwarya da sunan mutum, kowa ya zo ya jefa ƙwallon dabino a ta wanda yake so ya shugabance su. Shawara suke kiran abin. Malam Sale ya sha ci, ya kuma sha faɗuwa, kuma idan ya faɗi komawa yake ga ɗinkinsa. Mutanen Tudu suna yi musu dariya, suna cewa 'yan ƙwallo. Su kuma suna kiran na Tudu 'yan to-Baba.

Hajiya Gambo ƙanwar Baba Tanko ce, uwa ɗaya uba ɗaya, marigayi mijinta kuma ɗan Gangare ne. Shi ya sa ta kafa tandarta a kwanar, inda kowa zai saya ba a ce ya tsallaka ba. Ita ta kai ni wurin yayanta. Dogo ne, baƙi, da wata sanda mai kan tagulla a gefensa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambayi sunana na ce Isiyaku, ya ba ni ɗaki a bayan gidansa, ya sa aka kawo mini sanda da garwa biyu. Bai tambaye ni ko ina son aikin ba. Haka na zama ga-ruwa.

Wurin ɗiban ruwan, wanda suke kira bazan, yana ƙasan dutse, a gefen Gangare. Don haka kullum ina sauka in bi ta cikinsu, in hau da ruwa yana wasa a garwa, sanda tana cin kafaɗata. Da farko na Tudu kawai nake kai wa. Sannu a hankali matan Gangare suka fara kirana, ni kuma ban ga dalilin ƙi ba. Babu wanda ya hana, saboda ba a ɗauki ga-ruwa a bakin komai ba. Cikin shekara biyu babu randar da ban san bakinta ba a dutsen nan.

Waɗannan shekarun su ne nake kewa. Da hantsi ana jin ƙarar keken ɗinkin Malam Sale, da muryar mata suna dakan gero da aka samo da kyar. Yaran da aka haifa a can suna yi mini dariya da Larabci idan na zame. Idan alhazai suka iso daga gida, duk dutsen sai ya sauko neman labari: an yi ruwa bana, wane yana raye, nawa... a'a, ba farashi suke tambaya ba, sunayen mutane suke tambaya, da bishiyoyi, da rijiyoyi. Wani tsoho ya taɓa riƙe hannun wani alhaji yana tambayarsa ko tsamiyar bakin kasuwarsu tana nan. A shekarun ne kuma alhazai suka fara kawo labarin cewa a gida ma an fara maganar jefa ƙuri'a. 'Yan Gangare suka yi ta murna, suna cewa ashe sun riga gida. Baba Tanko ya ce lallai gida ta lalace.

A shekarata ta uku wani ma'aikacin hukuma ya zo da mota. Ya ce za a faɗaɗa hanya, dutsen zai tashi. Za a ba mu fili wajen Hindawiyya, mai kyau, kusa da ruwa, amma shi ba zai yi magana da mutum ɗari ba. Mu kawo masa mutum ɗaya da zai tsaya a madadin Takarin dutsen duka, kafin watan Rajab. Idan ba haka ba, zai raba mu inda ya samu gurbi, wasu nan wasu can.

Kwana biyu bayan haka, ina juye ruwa a gidan Malam Sale, ya tsayar da kekensa. Ɗan siriri ne, mai yawan magana da yawan dariya. Ya ce ni nake shiga ko'ina, yana so in saurara masa abin da mutane ke cewa a kan haɗewa, na sama da na ƙasa, in faɗa masa gaskiya. A ranar da la'asar Baba Tanko ya kira ni ya ba ni irin wannan umarnin, sai dai shi bai ce in faɗa masa gaskiya ba, cewa ya yi in kawo masa sunayen masu surutu. Na ce masa kunnena yana riƙe magana amma ba ya riƙe suna. Ya harare ni.

Wata guda na yi ina saurare. Ban taɓa tambayar kowa kai tsaye ba. Sai in ajiye garwa, in goge gumi, in ce Allah ya sa dai a samu mafita a kan filin nan, sauran su za su ƙarasa.

Tsofaffi, sama da ƙasa, haɗewa suke so, har da hawaye. Akwai wata tsohuwa a Gangare da 'yarta ke aure a Tudu, tana ganin rufin ɗakinta daga tsakar gidanta, amma sai a kwanar Hajiya Gambo suke haɗuwa. Samarin da aka haifa bayan rabuwa kuwa ba ruwansu. Wani ya ce mini da Larabci rabi da Hausa rabi, shi bai san na Tudu ba, ya fi sanin Yamalawan kasuwa, me zai haɗa shi da su. Magidantan Gangare suna so, amma duk wanda ya buɗe baki sai ya ambaci bulalar nan, har waɗanda ba su gan ta ba. Suna kuma tsoron a ce na Tudu sun fi su yawa.

Na Tudu ne suka fi ba ni wahala. A zaure kowa cewa yake duk abin da Baba ya gani. Sai na shiga cikin gida, na sunkuya a bakin randa, sannan mutum zai matso ya yi ƙasa da murya. Da yawa suna son a riƙa tambayarsu kafin a yanke musu magana. Amma ba duka ke ƙin Baba ba. Sun tuna shekarar da jiragen alhazai suka ɗauke saboda yaƙi, aka shiga yunwa, Baba ya buɗe ɗakin hatsinsa ya ciyar da dutsen, har na ƙasa yana aika wa ta hannun ƙanwarsa. A lokacin 'yan Gangare sun yi kwana uku suna shawarar yadda za a raba buhu biyu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, wannan maganar na ji ta a Gangare ma. Mutane sun gaji da taro. Fiye da ɗaya sun ce mini idan gaban hukuma za a je, gara a tura mai kwarjini, Malam Sale zai je ne ya yi ta ba ma'aikaci labari. Da Baba zai sauko ya ajiye ƙwaryarsa kamar kowa, ya yarda shekara mai zuwa a sake, da su kansu za su jefa masa.

Na fara kai wa Malam Sale. Na faɗa masa duka, har da maganar yawan labari. Ya yi dariya har ya share ido, sannan ya ce ba su yi ƙarya ba.

Wurin Baba ne ƙafata ta yi nauyi. Ɗakin da nake kwana nasa ne, garwar da nake ci da ita tasa ce, kuma na ga yadda ya kori wani da iyalinsa a kan magana da ba ta kai wannan ba. Na same shi da safe a zaurensa, da mutane kewaye. Na durƙusa na ce mutane suna son haɗewa, sama da ƙasa.

"A ƙarƙashin wa?" ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, a ƙarƙashin wanda suka jefa wa."

"Har nawa mutanen?"

"Har naka, Baba."

 Waɗanda suka raɗa mini maganar a bakin randa suna zaune a wurin, kowa ya sunkuyar da kai. Ina shirin in ƙara da cewa na ƙasa ma da yawa shi suke so, sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce in fita. Kafin azahar an fitar da tabarmata waje, an karɓe garwar. Hajiya Gambo ce ta ba ni rumfar da take ajiye itace, ta ara mini garwar da take tara ruwa. Ta hau wurin yayanta ta faɗa masa maganganun da har ƙasan dutse an ji, amma bai sauya ba.

Duk da haka an yi zama. Limaman biyu suka matsa, aka shimfiɗa tabarmi a kwanar, kowane ɓangare ya zauna a gefensa. Ranar ce karon farko da Baba Tanko da Malam Sale suka gaisa tun rabuwa. Malam Sale ya kira shi Yaya, kamar yadda yake kiransa a hanya. Na ga leɓen Baba ya motsa. Tsofaffin mata da ke bayan katanga suka fara kuka, mu duka muka ɗauka an gama.

Malam Sale ya ce shi ya janye, ba zai ajiye ƙwarya ba. Ya ce Baba ya ajiye tasa, duk wanda ke so ya ajiye tasa a gefe, a jefa sau ɗaya, wanda ya ci shi ne na kowa har shekara ta zagayo. Baba ya ce ya yarda a haɗe, ya yarda Malam Sale ya zama na biyunsa, ya yarda ma a daina bulala. Amma shi da ya kafa dutsen nan ba za a auna shi da abin da aka tofar daga baki ba. Wani saurayi daga Gangare ya ce to ai ba a haɗe ba ke nan, an haɗiye su ne. Wani daga Tudu ya miƙe. Limamai suka yi ta ba da haƙuri har aka kira la'asar, kowa ya tafi masallacinsa.

Rajab ya zo ya wuce. Ma'aikacin ya yi abin da ya ce. Filin Hindawiyya aka ba wasu mutane. 'Yan Gangare aka kai su wani kwari mai nisa da ruwa, na Tudu aka raba su gida uku. Tsohuwar nan da 'yarta, da a da suke hangen rufin juna, sai da mota suke ziyara. Hajiya Gambo ta bi 'yan Gangare, ta ci gaba da waina, amma ta ce mini ba ta ƙara jin daɗin tuya ba, saboda yanzu duk masu sayenta magana ɗaya suke yi.

Na ƙara shekara biyu a Makka. Baba Tanko ya koma wani ɗan gida a bayan gari, mutanensa suka ragu, kowa ya kama gabansa, ƙafa kuma ta fara ba shi ciwo. Hajiya Gambo ta roƙe ni in riƙa kai masa ruwa. Na yi ta kaiwa. Ba ya ce mini komai sai sannu, ni ma haka.

Ana saura 'yan kwanaki in kama hanyar gida, na je na gaya masa. Yana zaune a inuwar katanga, ya miƙe ƙafar da ta kumbura. Ya yi mini addu'a, ya ba ni saƙon gaisuwa zuwa garinsu, ko da yake ya ce bai san wanda ya rage da zai amsa ba. Na ɗaga garwa zan juye, sai ya ce in dakata.

"Isiyaku, ranar nan da na kore ka, bakinka a buɗe yake. Me ya rage?"

Na ajiye garwar. Na ce, "Cewa zan yi, Baba, da ka ajiye ƙwaryar, kai za ka ci. Har na Gangare kai za su jefa wa."

"Kana faɗa ne don na tsufa."

"Wallahi a bakin randunansu na ji. Malam Sale ma ya sani tun kafin zaman. Shi ya sa ya janye."

 Baba ya ce, a hankali, shi ya ɗauka ko mutum goma ba zai samu ba. Shekara ashirin yana jin to Baba, to Baba, bai san wanne ne na gaske ba. Ya tambaye ni ko Sale yana nan yana ɗinki. Na ce yana nan, sai dai ido ya yi rauni, jikarsa ke zura masa zare. Ya cire hularsa, wata tsohuwar hula da bakinta ya zare, ya juya ta a hannu, ya miƙo mini.

"Ka bi ta wurinsa kafin ka tafi. Ka ce ta yage. Ka ce idan ya gama kada ya aiko kowa, ya kawo da kansa."

Na kai. Malam Sale ya karɓa, ya kai ta kusa da idonsa yana duba ɗinkin, ya ce ai shi ya yi ta, tun suna Sudan. Ya ture rigar da ke kan keken gefe, ya kira a zura masa baƙin zare.

Ban ga kaiwar ba, motarmu ta tashi zuwa Jidda kwana biyu bayan haka. Sai bayan shekara uku wani alhaji ɗan garinmu ya dawo, na tambaye shi mutanen dutse. Ya ce jama'ar dai ba ta sake haɗuwa ba, kowa yana inda aka kai shi. Amma an nuna masa wasu tsofaffi biyu da ke zama a inuwar wata katanga kullum bayan la'asar, ɗaya dogo ɗaya siriri, suna ta musu a kan ko ta Abashe suka biyo ko ta kudu da ita, kuma har ya baro babu wanda ya sakar wa wani.